Motar Mumuni a Ƙofar Shanuna

Zuwa ga ɗana Sanda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙetarar da kai kogin Kwara lafiya, Ya sauke ka Lolo lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikinka. Innarka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar cikin kayanka, tare da wani ƙunshi da za ka gani a ƙasan jaka. Kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen karatu.

Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba da garma ne, kuma bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda na shiga da furfura a gemu. Inda ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai don haka munka kai ka makaranta. Za ka ce me ya hana in zaunar da kai in faɗa maka baki da baki. Na gwada, wallahi. Ka san halina, in na fara nasiha, kafin in kai tsakiya ta koma faɗa, kai ka sunkuyar da kai, ni in tashi ina huci, ba wanda ya ƙaru. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya.

Shekaranjiya muna cin tuwo ka ce ɗakin da anka samar maka yana bakin hanya, daf da inda motocin fatake ke tsayawa kafin su shiga Dahomi. Ka ce malamin dabbobin da za ka canza ya gaya maka maƙwabcin ɗakin direba ne, kuma sau da yawa mutum kan tashi da safe ya tarar mota ta toshe ƙofa, ko keke ba ya fita. Sai ka yi dariya ka ce, "Ni dai duk wanda ya tare mini ƙofa, sai na sace masa iskar taya." Ƙannenka sunka yi ta dariya. Ni ban yi ba, Innarka ma da ke bakin murhu ba ta yi ba. Muryata na ji tana fita daga bakinka, Sanda, kuma tuwon nan bai ƙara wuce mini ba.

Ka san Baba Mumuni, wanda gidansa ke jingine da namu, wanda yanzu anka zuba wa kara a ƙofa, ba kowa a ciki. Lokacin da ka dawo hutu ka tarar ba ya nan, ka tambaya, na ce maka ya koma garinsu. Gaskiya ne ya koma, amma kana makaranta sa'ad da abin ya faru, kuma ba ka taɓa jin shi daki-daki ba. Duk unguwa ta sani. Gara ka ji daga gare ni, tunda abin da ke jiran ka ke nan a Lolo.

Mumuni Badende ne, asalinsa Madekali, can ƙetaren iyaka cikin Dahomi. Ya zo Bagudo yana saurayi da jakunan fatauci, mahaifina ya ba shi filin da ke gefenmu ya yi gida. Tare munka yi aure, tare munka fara furfura. Ranar sunanka shi ya riƙe ƙahon ragon, kuma a wuyansa ka fara ganin kasuwa. Tun muna samari muke ciyayya da shi. Da an sallame magariba sai in fito da akushina, shi ma ya fito da nasa, mu baje tabarma a gindin cediyar ƙofar gida, duk wanda Allah Ya kawo ya sa hannu. Kullum akushina yake fara buɗewa, ya ce tuwon Innarka ya fi na Bibata matarsa laushi. Ni kuma in ja miyar kifin Bibata gabana, in ce ai Dendawa ba su iya komai ba sai miya. Haka muke, ruwa ko rani. Duk maganar da ta yi nauyi, a kan tabarmar nan ake sauke ta.

Ana nan, shekarar da za a karɓi mulkin kai, Mumuni ya sayar da jakunansa da shanunsa da ke wajen Fulani, ya sayo mota. Babbar mota ce mai bodin katako, an shafe ta da koren fenti. Ranar da ta shigo gari har mata sunka leƙo ta kan darni. Na fi kowa murna. Ni na fara shafa mata hannu na yi addu'a, na ce Allah Ya sa ta zama ta arziki. Da yamma ta yi sai ya zo ya ajiye ta, ba a ƙofarsa ba, a tawa. Ka san ƙofar shanu, wadda ke gefen zaure, inda keken shanu ke fita, da ɗan gangaren nan da ya sauka daga bakinta ya nufi fadama. Nan ya gicciye ta, hancinta na kallon ƙasa, ya tokare tayar da gungumen itace. Mutum ɗaya zai iya raɓawa ya wuce, amma shanu biyu a karkiya, ina!

A tabarma ya ce mini, "Bawa, na ajiye ta wajenka, ba ta dame ka ba ko?" Ni kuma da bakin nan nawa na ce, "Haba, ba komai, ai ƙofata ƙofarka ce." Alhali tun a lokacin ina lissafin yadda zan fitar da shanuna, Ja da Goshi, da asuba. Kunya ta hana ni. Na ga mutum yana cikin murnarsa, na ce in na yi magana za a ce baƙin ciki nake yi. Wanga shi ne kuskurena na fari. Saboda haka ka ji: ranar farko da anka tare maka ƙofa, ranar za ka yi magana, tun abin yana ƙarami, tun kana iya faɗinsa da murmushi. Ka yi sallama, ka gaishe shi da gajiya, in da ruwa a randa ka miƙa masa, sannan ka ce, "Malam, nan nake fitar da keke da safe." Kada ka ce ba komai alhali da komai. Wanda ka ce wa ba komai ba shi da laifi in ya yarda da kai.

Damina ta kama. Motar Mumuni ba ta tashi sai hantsi, sai an gama loda buhuna da masu zuwa Jega. Ni kuwa shanu da sanyin safiya suke aiki, in rana ta ɗaga sai su fara haki suna neman inuwa. Kullum sai in ɗaura musu karkiya in tsaya a bayan mota ina jin hirar fasinja, maƙwabtan gonata kuwa har sun yi rabin aiki. In an gama lodi sai Mumuni ya hau, a janye gungumen, motar ta gangara shiru, sai ta kai ƙasa ta yi tari ta kama. Ni da ban san komai game da mota ba, na ɗauka burga ce irin ta direbobi. Yakan ɗago mini hannu ta taga, ni ma in ɗaga masa.

Maimakon in same shi, sai na shiga habaici. In tsaya bayan motar ina yi wa shanu magana da ƙarfi: "Ku yi haƙuri Ja, ku yi haƙuri Goshi, yanzu garin na masu taya ne." In an fito masallaci in ce wa na kusa da ni, wasu in Allah Ya ɗaga su sai su manta da masu tafiya ƙasa. Har na sa Innarka ta je ta gaya wa Bibata. Ta je, don ba ta saɓa mini, amma da ta dawo ta ce, "Malam, ni na ga darnin nan kara ne. Me zai hana a buɗe wata ƙofa ta gabas? Aikin safiya ɗaya ne." Na daka mata tsawa. Na ce ƙofar da ubana ya buɗe ba zan kauce mata don motar wani ba. Ta koma kan tankaɗenta.

Ka ga kuskure na biyu, har da ɗan'uwansa. Habaici ba ya matsar da mota, Sanda. Duk unguwa ta gane da wa nake, sai shi wanda nake yi dominsa ya zama na ƙarshen ji, kuma ya ji a bakin mutane, an ƙara gishiri. In kana da magana da maƙwabci, ƙafarka ta kai ka, ku biyu, ba a gaban kowa ba. In kuma Allah Ya ba ka mata, ta kawo shawara kana cikin fushi, kada ka yi mata irin tawa. Ka ce za ka duba, ka fita ka zagaya, ka dawo ka duba ɗin da gaske.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wannan lokaci muna ciyayya. Kowace magariba gwiwata na gugar tasa, hannunmu cikin akushi ɗaya, amma ban taɓa buɗe baki na ce, "Mumuni, me ya sa sai nan?" ba. Na tambaye shi farashin gishiri a Jega, na tambaye shi labarin hanya, na tambaye shi ko gaskiya ne Turawa za su tafi. Tambaya ɗaya da ta dame ni ita ce ban yi ba, don na riga na ba kaina amsa. Na ce girman kai ne, ya yi mota ya raina mai shanu.

Sai ranar da abin ya fashe. Tsakiyar damina ce, an yi ruwa mai kyau, ina son in yi wa dawa huɗar ƙarshe kafin ta fi ƙarfin shanu. A kwanakin ne labari ya zo cewa Dahomi ta karɓi mulkin kanta, namu kuma saura kaɗan, ko'ina maganar ke nan. Ran nan lodi ya yi nawa, wani mai buhunan shinkafa bai iso ba, rana tana ta hawa. Goshi ya gaji da tsayuwa ya kwanta da karkiya a wuya, ya ja Ja sunka karkace. Ban san sa'ad da na raɓa na fito gaban motar ba. Mutane cike, mata da maza. Na ce, "Mumuni! Wai kai wane irin baƙo ne? Ubana ya ba ka wurin kwana, yanzu ƙofar tamu ma za ka karɓe? Ai na ji an ba ku ƙasarku. Ka kai motarka can ka gicciye a ƙofar ubanka!"

Mumuni yana kan bodi yana ɗaure igiya, sai ya sauko a hankali. Fuskarsa ban taɓa ganinta haka ba. Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada mutane su ji, ya ce, "Bawa, ka yi haƙuri. Akwai dalili. In mun zauna cin tuwo zan gaya maka." Na ce ba na son jin komai, na juya.

Ɗana, mutumin da ya riƙe ragon sunanka na kira baƙo. Ƙofa ce ta haɗa mu, me ya kawo ubansa, me ya kawo ƙasarsu? Inda za ka zauna yanzu bakin iyaka ne, za ka ga Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa, wani da takardar can, wani da ta nan. In mota ta tare maka ƙofa, maganarka ta tsaya a kan mota da ƙofa. Kada asalin mutum ya shiga bakinka, ko da wasa, in dai rai a ɓace yake. Mota ana matsar da ita kafin a sha ruwa. Irin waccan magana kuwa har yau ban san yadda ake janye ta ba.

Duk da haka da an gyara, don shi ya bar ƙofar gyara a buɗe. Da magariba ta yi na ji shi ya baje tabarma. Na ji ƙarar akushinsa da ya ajiye. Na ji ya yi gyaran murya irin tasa, wadda ke nufin na fito. Innarka ta miƙo mini akushina, na ce ta ajiye a ɗaki, yau ciki zan ci. Ta ce, "Malam, yana jira fa." Na ce ya jira. Tun muna samari ban taɓa janye akushina ba sai don ciwo ko tafiya, kuma duk unguwa ta san abin da janye akushi ke nufi. Ya daɗe zaune. Daga baya na ji ya naɗe tabarma.

Can sai ga Bibata da kanta ta yi sallama, ɗauke da akushin Mumuni, miyar kifin da bai taɓa ba. Ta ce wa Innarka, "Ya ce a kawo wa Malam, ya san yana son ta." Ka san ba a mayar da akushin maƙwabci fanko. Da safe Innarka ta wanke shi za ta zuba fura ta mayar, na ce in akushin nan ya fita gidan nan da abinci a ciki ban yafe ba. Mayar da shi fanko kuwa zagi ne da ita ba za ta iya ba. Sai ta kife shi a kan rumbu, ya zauna.

Wanga kuskure ya fi sauran duka. Ko me ya haɗa ka da maƙwabci, kada ka yanke gaisuwa, kada ka janye hannunka daga abinci. Ka yi fushinka, ba na hana ka, mutum ne kai. Amma ka fito ka zauna, ko ba za ka ce uffan ba. In ya ce yana da dalili, ka saurara, ko da kana ganin ƙarya zai yi. Sauraro bai taɓa rage wa kowa haƙƙinsa ba.

Ban tsaya nan ba. Da motar ta tafi Jega, na shiga daji na saro turakun itacen ƙirya, na kafa su a kan gangaren, na bar daidai inda keken shanu zai bi. Mumuni ya dawo ya gani. Ya kai motar ƙofarsa, inda ka san fili ne shimfiɗaɗɗe, ga yashi. Washegari na fitar da shanuna tun da sanyi, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Da na waiwaya sai na ga motar ta ƙi tashi, fasinja sun sauko suna turi, taya na nutsewa cikin yashi. Har na yi murmushi, Allah Ya yafe mini. Na ce alhakina ne ya kama ta.

Haka ta zama kullum. Turi, zufa, zage-zage. Wata rana su samu ta tashi, wata rana sai azahar. Mai ɗanyen kifi ba zai jira ba, mai zuwa cin kasuwa ba zai yarda ya isa an watse ba. Da kaɗan da kaɗan mutane sunka koma wa wata mota da ke biyowa daga Zagga. Ranar da anka yi bikin mulkin kai, gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta na yawo da tutoci, ni kuwa na hango Mumuni kwance ƙarƙashin mota shi kaɗai, ƙafafunsa kawai ke waje. Ƙafata ta so zuwa. Na ce bari dai shi ya fara zuwa, ai shi ya tare mini ƙofa.

Ya zo kuwa, bayan kaka. Ya yi sallama a zaure da sassafe, na gane muryarsa, na zame ta ƙofar shanu na tafi gona, wai ina da aiki. Ashe sallamar tafiya ce. Da na dawo Innarka tana zaune idanunta jawur. Ta ce sun tafi, shi da Bibata da yara, an kai musu kaya bakin ruwa. Ya bar saƙo a ce mini ya gode da zaman da anka yi, in yafe masa tare ƙofa.

Motar ya sayar wa wani mutumin Jega, bayan 'yan kwanaki direban mutumin ya zo ɗaukarta. Ya zagaya ta, ya dubi yashin, ya dubi gangarena, sai ya ce mini, "Baba, wa ya kafa turakun nan? Ai nan ne makwancinta. Ni na san motar nan tun kafin ta zo garinku, abin tayar da ita ya daɗe da mutuwa. In ba a kan gangare ta kwana ba, sai turi." Ya roƙe ni in cire turke biyu. Na cire da hannuna. Anka tura ta har bakin ƙofata, ya hau, ya sake ta. Ta gangara shiru, ta kai ƙasa, ta yi tari ta kama, daidai yadda na saba gani kowace safiya.

Na daɗe tsaye da turke a hannu. Duk unguwarmu ba wani gangare sai nawa. Mumuni ya sayar da duk abin da ya mallaka, an sayar masa da mota mai ciwo a ɓoye cikin koren fenti, kunya ta hana shi faɗa a gaban fasinjan da yake nema su yarda da ita. Ni kaɗai zai iya gaya wa, a kan tabarma, kuma ranar da ya shirya faɗa na ƙi fitowa. Na shiga gida na dubi darnin gabas. Kara ne, kamar yadda Innarka ta ce. Kafin azahar na buɗe sabuwar ƙofa, ita ce wadda kake gani yanzu. Innarka tana kallona, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ba na ce Mumuni ba shi da nasa ba. Da ya gaya mini tun ranar farko, da ba a kai nan ba. Wannan ma darasi ne gare ka, don wata rana kai ne za ka zama mai abin hawa. In za ka ajiye a ƙofar wani, ka nemi izini da gaske, ka faɗi dalilinka ko da akwai kunya a ciki, ka gaya masa inda za a same ka in yana son fita. Kuma ban ce ka zama wanda ake takawa ba. Ƙofarka haƙƙinka ce. In ka yi magana da kyau, ka tambayi dalili, ka nuna masa wani wuri, ya ƙi, to ka gaya masa a fuskarsa za ka kai wa mai unguwa, sannan ka kai. Amma tayarsa ba taka ba ce, kada hannunka ya taɓa ta. Kuma kafin ka je ko'ina, ka dubi naka darnin tukuna, ko akwai inda za a iya buɗewa.

Yanzu ƙofata biyu, duka a buɗe, ba mai tare ni. Shanu na fita lokacin da na ga dama. Da magariba in fito da akushi gindin cediya in ci ni kaɗai, sai fa in kuna gida. Ina kewarsa, Sanda, ba zan ɓoye maka ba. Damina ta zagayo ta sake zagayowa. Sau ɗaya na shirya har na kai bakin ruwa, mai fito yana kirana, na tsaya ina tunanin abin da zan ce in na gan shi, har jirgin ya cika ya tafi. Na dawo na ce wa Innarka ruwa ya yi yawa.

To, yanzu ka kwance ƙunshin. Akushi biyu ne. Mai ɗan tsaguwa a baki, wanda anka ɗinke da waya, shi ne na Mumuni. Duk tsawon lokacin nan Innarka tana shafe shi da man kaɗe don kada ya bushe. Ta cika shi da dakuwa, irin mai yaji da yake so. Ɗayan kuwa ka san shi, nawa ne, wanda nake ci a ciki tun kafin a haife ka. Na zuba masa shinkafar fadama, wadda Ja da Goshi sunka noma.

In ka kwana Lafagu wajen gwaggonka, kada ka bari ta buɗe, ka san ta da dakuwa. In ka isa Lolo ka huta, ka gaida manyan wurin aikinka, ranar da ba ka da aiki ka ƙetara Madekali, an ce ba nisa. Ka tambayi gidan Mumuni da ya zauna Bagudo. Ka je daf da magariba. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce masa fofo, yadda suke gaisuwa, zai yi dariyar yadda ka faɗa. Na san na hana ka aike a maganar maƙwabci, ga shi ni ina aiken ka. Ka gaya masa haka nan, ka ce tsohon ya san da ƙafarsa ya kamata ya zo, kunya ce ta riƙe shi a bakin ruwa. Ka ce na ga yadda motar ta tashi. Ka ce na cire turakun. Ka ce kalmar nan da na faɗa a gaban mutane ƙarya ce, shi ba baƙo ba ne, kuma gidansa na nan, kara kawai anka zuba.

Ka miƙa masa nasa akushin, wannan kayansa ne ya koma. Nawa kuwa ka ajiye a gabansa ka taso, kada ka ce komai a kansa, kada kuma ka tsaya jiran a juye. Mumuni ya san abin da ake yi da akushin maƙwabci. In ya dawo mini da shi, ko da goro ɗaya ne a ciki, to da an gama girbi zan shiga jirgi, ko ruwa ya kai ina. In kuma bai dawo ba, ba zan ga laifinsa ba, kai ma kada ka gani. Kafin nan a ƙwarya zan riƙa ci. Innarka ta ce za ta sa a sassaƙa mini sabo, na ce a'a, a dakata tukuna.

Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin bakinka. Allah Ya ba ka maƙwabci irin wanda Ya ba ni, Ya ba ka hankalin riƙe shi fiye da yadda na riƙe nawa. Ka kula da salla, ka riƙa cin abinci a kan lokaci, in ji Innarka. Duk wanda ka samu mai zuwa Bagudo ka ba shi takarda, ko layi biyu ne, mu san ka sauka lafiya. In da wani abu da za a riƙo mini daga Madekali, ka ɗaure shi da kyau, kada ya zube a jirgi.

Allah Ya yi maka albarka. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bawa, Bagudo